Daga Baga zuwa Zabarmari: wa ya ƙirga gawarwakin, wa ya rubuta sunayensu?

Bukar: Assalamu alaikum mutanen gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce sai na ajiye shi a nan mu tattauna. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 'yan Boko Haram suka kai hari, aka bi manoma har cikin gonakin shinkafa na Koshebe, yawancinsu mazauna Zabarmari a ƙaramar hukumar Jere, aka ɗaure su aka yi musu yankan rago. Washegari gwamna Zulum ya tsaya aka sallaci gawa 43. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara cewa 110 ne, daga baya ta janye adadin ta ce gommai ne, su kuma ɓangaren Shekau na Boko Haram suka fitar da bidiyo suka ce 78 suka kashe. To don Allah a cikinmu nan, mu da muke ta rubuta Allah ya ji ƙansu a lokacin, wa zai iya kawo sunan mutum uku kacal a cikinsu? Ina aka rubuta sunayen? Wane ofis za ka je a buɗe maka littafi a ce ga su nan, wane ɗan wane, shekararsa kaza, ya bar mata da yara kaza? Ni abin da ke damuna kenan, an kashe su sau ɗaya a gona, mu kuma mun bar su ba ko suna.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam Yaya Bukar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, wlh ka taba min inda yake min ciwo. Ni hoton nan na gawarwaki a jere cikin likkafani akan makara har yau idan na rufe ido ina ganinsa. Kuma ance da yawansu yan ci rani ne daga can wajen Sokoto, mutum ya baro iyalinsa yazo yankan shinkafa don ya samu abinda zai koma dashi gida, wasu iyayen ma kila sai a rediyo sukaji

Abbati: Allah ya jikansu. Amma Yaya Bukar gsky ni banga amfanin tono tsohon ciwo ba, wanda ya mutu ya mutu, suna a takarda bazai dawo dashi ba. Addu'a ce zata amfane su yanzu

Bukar: Abbati addu'a kam dole ce, ba wanda ya ce a daina. Amma duba Baga. A Janairun 2015 da 'yan Boko Haram suka kama garin har da barikin sojan haɗin gwiwa, hukumar soja ta ce mutum 150 suka mutu, wasu jami'an yankin suka ce ya kai 2,000. Ka ga tazarar? Tsakanin 150 da 2,000 fa rayukan mutane ne ba buhunan masara ba, kuma har yau ba a zauna an warware ba. Hotunan tauraron ɗan'adam da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty ta fitar sun nuna dubban gidaje a ƙone a Baga da Doron Baga, mutane suka faɗa tafkin Chadi wasu a kwale-kwale wasu da iyo, wanda ruwa ya ci wa ya ƙirga shi? Idan ba a san adadi ba ba a san wa za a biya diyya ba, ba a san marayu nawa aka bari ba, kuma gobe wani zai tashi ya ce ai ba a ma kashe kowa ba.

Anti Falmata: Bukar Allah ya yi maka albarka. Abbati ɗana, bari in gaya maka abin da na gani da idona, na yi aikin jinya a sansanin gudun hijira lokacin da aka kwaso mutane daga ƙauyuka. Mace za ta zo a yi mata rajistar abinci, a tambaye ta mijinki fa, sai ta yi shiru, don ita kanta ba ta san me za ta ce ba. Ba ta ga gawarsa ba, ba wanda ya ce mata ya ga an kashe shi, an dai watse da daddare kowa ya yi ta kansa. Ba ta yi takaba ba, ba za ta iya wani aure ba, ba a raba gado ba, yaran kullum suna tambaya. Akwai wadda na sani take ajiye da hular mijinta a cikin ƙullin kayanta, duk baƙon da aka kawo daga yankinsu sai ta je ta nuna masa ko ya gane mai ita. Irin waɗannan matan kake ce wa takarda ba ta da amfani? Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, yawanci a dalilin wannan yaƙin, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace.

Abbati: Anti kiyi hakuri ba haka nake nufi ba

Anti Falmata: Na sani ɗana, ban ɗauke ka da zafi ba.

Malam Sani: Salamun alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam Bukar, domin rashin rubuta tarihin nan yana da wata illa ta ɓangaren addini da ba a cika lura da ita ba. Yaron da aka haifa a 2010 yanzu ya zama saurayi, bai san abin da aka yi ba sai abin da ya tsinta a waya, kuma masu wannan aƙida ba su daina wa'azinsu ba. Idan ba mu gaya masa ba cewa ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 an tayar da bamabamai a babban masallacin Kano ana shirin tayar da salla, aka buɗe wa masu gudu wuta, mutum sama da 100 suka rasu, to wani zai zo ya ce masa jihadi ake yi. Ku duba, rana ɗaya ce da ta Zabarmari, shekara shida tsakani. A Buni Yadi cikin Fabrairun 2014 yara 'yan makarantar gwamnatin tarayya suna barci a ɗakin kwana aka cinna musu wuta, wanda ya fito aka harbe ko aka yanka. Kafin nan an yi a Mamudo, an yi a kwalejin aikin gona ta Gujba, duk a 2013. A Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 mutane na fitowa daga coci aka tashe su. Wane littafi ne ya halatta wannan? Sayyidina Abubakar da zai tura runduna wasiyya ya yi musu kada su kashe mace, ko yaro, ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya, kada su taɓa masu ibada a wuraren ibadarsu. Kuma malaman da suka fito suka faɗi gaskiya sun biya da jininsu, Sheikh Albani na Zariya a 2014 aka tare shi a hanya aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Malam. Amma ni inada tambaya kuma don Allah kar a ce na kawo rigima, shin lissafin nan da Yaya Bukar yake cewa ayi, harda wadanda jami'an tsaro suka kashe ko kuwa na yan Boko Haram kadai? Don ni kanina tun 2013 aka zo unguwarsu da asuba aka tara samari a fili aka zabi wasu aka zuba a mota, yana cikinsu, yaron da ko kaza baya iya yankawa, dinki yake koyo. Daga ranar har yau ko takalminsa bamu gani ba. Mahaifiyarmu tabi ofis ofis har kafarta ta kumbura kowa sai yace ba'a kawo shi nan ba

Abbati: To kun gani ko, dama nasan nan za'a zo. Anti Maman Hanif wlh ina tausaya miki Allah ya bayyana shi, amma kullum sai a juya magana kan soja. Yayana soja ne, shekaru yayi a daji bai ga yaransa ba, abokansa nawa aka kashe a gabansa. A Metele a 2018 sojoji nawa aka kashe, wa yayi musu kuka a Facebook? Ku kuna kwance a gida da fanka su suna rami cikin sauro da nakiya, albashin ma bai taka kara ya karya ba, sannan a hada su a layi daya da yan ta'adda? Haba jama'a

Bukar: Abbati ba wanda ya haɗa su layi ɗaya. Sojan da ya mutu a Metele shi ma sunansa ya kamata ya shiga littafin, da 'yan kato da gora da suka tashi a 2013 da sanduna suka kori mutanen nan daga unguwannin Maiduguri, da yawansu sun mutu ba a ko san kabarinsu ba. Amma amsar tambayar Maman Hanif ita ce e, har da su. A Afrilun 2013, tun kafin waccan ta 2015, an yi wata a Baga bayan an kashe soja ɗaya, Red Cross ta ce mutum 187 suka mutu, Human Rights Watch ta ƙirga gidaje sama da 2,000 da suka ƙone, mutanen garin kuma soja suka nuna da yatsa, soja suka musanta. A Maris 2014 bayan harin barikin Giwa Amnesty ta ce an kashe sama da mutum 600, yawanci tsararrun da suka gudu aka sake kamawa. A Rann ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙinmu ne ya saki bam a kan sansanin 'yan gudun hijira ana rabon kaya, sama da mutum 100 har da ma'aikatan agaji, soja da kansu sun amsa cewa kuskure ne. Mutanen da suka gudo daga wuƙa suka zo inda aka ce musu nan ne tsira. Idan muka rubuta wasu muka tsallake wasu to ba tarihi muka rubuta ba.

Abbati: Amnesty din nan da kuke ta ambata su waye? Turawa ne suna zaune a Landan, basu taba jin karar harsashi ba. Ni ban yarda dasu ba

Lauya Zainab: Abbati ofishinsu na Najeriya 'yan Najeriya ne ke aiki a ciki, amma mu bar wannan. A ce ma ba ka yarda da su ba, ai shi ya sa ake son hukuma ta yi nata binciken a fili ta fitar da sakamako kowa ya gani, wanda aka yi wa ƙazafi a wanke shi, wanda ya yi laifi a hukunta shi, wannan ai gata ne ga sojan kirki irin yayanka. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun duniya ta ICC, Fatou Bensouda, ta ce akwai hujjar da za ta sa a yarda cewa Boko Haram sun aikata laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama, kuma wasu daga cikin jami'an tsaro su ma sun aikata. Ta bayyana cewa mafi yawan laifukan na 'yan ta'addan ne, amma ba ta ce ɗaya ɓangaren ba komai ba.

Ni abin da ya fi ci mini rai a matsayina na lauya shi ne shari'ar su kansu maharan. An fara zaman kotu a barikin Kainji a 2017, an yanke wa ɗaruruwa hukunci an saki ɗaruruwa, amma ku je ku duba tuhume-tuhumen, yawanci zama ɗan ƙungiya ne, ko kai musu abinci da mai, ko ɓoye bayani. Da wuya ka ji an ce wane, kai ne ka jagoranci kisan Gamboru Ngala na Mayun 2014 inda aka kashe kusan mutum 300 a kasuwa, ga shaidu, ga 'yan uwan mamatan a zaune suna ji. Kabiru Sokoto da aka ɗaure rai da rai a 2013 a shari'ar da ta shafi harin Madalla yana cikin 'yan kaɗan da jama'a suka san sunansu da hukuncinsu. To Benisheik fa, da aka tare hanya a Satumbar 2013 aka kashe matafiya sama da 140? Wa aka gurfanar?

Maman Hanif: Anti lauya ai basai an gurfanar ba tunda yanzu tuba ake cewa sunyi a basu keken dinki da jari. Wlh wannan abun yana kona min rai, wanda ya kashe yana cin abinci sau uku a sansani ana koya masa sana'a, wanda aka kashe wa miji tana bara a bakin titi

Malam Sani: Hajiya a yi haƙuri a sassauta. Ƙofar tuba a buɗe take, ba mai rufe ta. Sai dai malamai sun yi bayani, haƙƙin Allah daban haƙƙin bawa daban, jinin mutum ba gwamnati ce ke yafe shi ba, magadansa ne ke da wannan, ko su yafe ko su karɓi diyya ko su nemi ƙisasi. To ta yaya za a nemi yafiyar magada alhali ba a ma san su waye magadan ba? Kun ga maganar ta sake komawa kan rubuta sunaye.

Lauya Zainab: Kuma a raba abu biyu. Akwai shirin karɓar tubabbu na Operation Safe Corridor na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016, sansaninsa na Malam Sidi a jihar Gombe, akwai kuma tsarin jihar Borno da ya karɓi dubun dubatar da suka fito bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021. Mafi yawan waɗanda suka fito ɗin nan mata ne da yara da manoman da aka ritsa da su a ƙauyukansu, ba mayaƙa ba. Yaron da aka sace yana ɗan shekara goma aka ɗora masa bindiga ba ɗaya yake da kwamandan da ya ba da umarnin yanka ba. Matsalar tantancewar ce, wa ke yin ta, da wane ma'auni, kuma an tambayi mutanen garin da za a mayar da shi?

Issoufou Diffa: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba ni wuri in sa baki, don ku in kuna lissafi sai ku tsaya a bakin kogin Komadugu kamar wutar ba ta ƙetaro ba. Mu nan Nijar tun Fabrairun 2015 da suka afka wa Bosso da Diffa ba mu huta ba. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilun 2015 gwamnati ta ce kowa ya fita daga tsibiran tafki cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka taka a ƙasa cikin zafin nan, tsofaffi da masu goyo, wasu ba su kai ba. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai don wai da su ake ciyar da 'yan ta'adda, alhali tattasai shi ne arzikin Diffa gaba ɗaya. A Ngalewa a 2017 an yanka mutum tara an tafi da mata da yara kusan 40, duniya ta san Chibok ta san Dapchi amma wa ya san Ngalewa? A Toumour cikin Disambar 2020, mako biyu bayan Zabarmarinku, an ƙone gari an kashe mutum kusan 30. Haka Fotokol a Kamaru, haka Chadi.

Bukar: Malam Issoufou gaskiyarka, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Kuma maganar tattasai da ka kawo ita ce ta fi kowace girma in ana maganar adadi. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2021 ta ce zuwa ƙarshen 2020 yaƙin ya ci rai kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa, amma kusan 35,000 ne kawai aka kashe kai tsaye, sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wato duk mutum ɗaya da harsashi ko wuƙa ta kashe akwai kusan tara da hana noma da rufe kasuwa da ƙone asibiti suka kashe a hankali ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Anti Falmata: Wannan shi ne abin da ya kai mutanen Zabarmari gona ai. Bayan kisan mai magana da yawun shugaban ƙasa na lokacin, Garba Shehu, ya ce wa BBC manoman ba su samu izinin soja ba kafin su shiga wurin, mutane suka yi ta fushi. Ni dai abin da na sani, magidanci ba zai zauna yana kallon yaransa suna kuka da yunwa shinkafa ta nuna a gona ba. Tun da aka tattara soja a manyan sansanoni a 2019 ƙauye ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Ka biya 'yan ta'adda haraji don ka yi noma a ce kai ɗan Boko Haram ne, ka ƙi biya ko ka kai rahoto su ce kai ɗan leƙen asirin soja ne su yanka ka, talaka ya zama kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa biyu. Mutanen Shekau da bakinsu suka ce dalilin kisan Koshebe shi ne manoman sun kama mutuminsu sun miƙa wa soja. Wato sun yi abin da kullum ake roƙon jama'a su yi, a ba jami'an tsaro haɗin kai, sannan da aka zo ɗaukar fansa ba kowa a kusa.

Abbati: Wannan kam gsky ne Anti, yayana ma yana fadin haka, yace mutum zai kawo musu labari da rana su kuma da yamma an basu umarni su koma sansani, sun san abinda zai biyo baya amma basuda yadda zasuyi, sojan kasa baya tsara inda za'a ajiye shi. Kuma Auno ma haka akayi a Fabrairun 2020, an rufe kofar shiga Maiduguri da yamma matafiya suka kwana a motocinsu a bakin hanya aka zo aka kona su, mutum wajen 30 harda mata da jarirai. Ni abinda nake so kawai idan za'a rubuta a rubuta har wanda ya bada umarni daga sama, kar a tsaya kan kurtu

Lauya Zainab: A nan kam ba mu da saɓani da kai ko kaɗan, a dokar yaƙi ma kwamanda yana ɗaukar alhakin abin da yaransa suka yi idan ya sani ko ya kamata ya sani bai hana ba.

Admin: Jama'a muhawara ta yi kyau, Allah ya saka. Tunatarwa biyu, don Allah kar wanda ya sake turo hoton gawa ko bidiyon yanka a nan, na goge guda biyu yanzu, akwai waɗanda 'yan uwansu ne a ciki kuma yaɗa bidiyon nan aikin maharan ake taya su. Na biyu, na ga wasu sun fara rubuto sunayen 'yan uwansu da garuruwansu, a dakata tukuna, gidan nan a buɗe yake ba mu san kowa ba, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da ambaton suna zai iya jawo wa na raye bala'i.

Bukar: Haka ne Admin. Lauya Zainab ko za ki duba mana yadda za a yi abin bisa tsari, wa zai riƙe bayanan, me za a tambaya, da yadda za a nemi izinin iyalai kafin a rubuta kowa. Malam Issoufou kai ma muna buƙatarka ta ɓangarenku.

Issoufou Diffa: Ina nan in sha Allah. Amma a sa har da Kanuri da Faransanci a takardar tambayoyin, da yawan waɗanda abin ya shafa a wajenmu ba su karanta Hausar boko.

Anti Falmata: Maman Hanif, ke kuma kafin nan, kun taɓa kai maganar ƙaninki wurin Red Cross? Suna da sashen neman waɗanda suka ɓace, ba a biyan ko sisi, za su tambayi cikakken sunansa da shekarunsa da ranar da aka tafi da shi da inda aka gan shi na ƙarshe, in akwai hoto a haɗa. Ba na ce miki za a same shi ba, amma an sada wasu da nasu ta wannan hanyar.

Maman Hanif: Bamu taba ba Anti, bamu ma san anayi ba. Hoto akwai guda daya na katin makarantarsa yana wajen Inna. Zan miki magana ta inbox ki fada min inda ofishin yake da ranar da suke karbar mutane, sai in samu wanda zai rakata don bata iya doguwar tafiya ita kadai yanzu